Amsar tambaya kan kalmar "charge"

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari tambayarki. Kin ce kin ga "free of charge" a jikin takarda, kin kuma ji a labarai an ce "he was charged", shi ne kike mamakin me ya haɗa su da cajin waya. Ku yi haƙuri da hayaniya, a bakin titi nake.

Kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci, can asalinta kuma Latin ce, "carricare", wato loda wa amalanke kaya. "Car" da "cargo" ma danginta ne. To ki riƙe wannan kawai: ɗora kaya.

In banki ya turo miki saƙo kika ga "charges", kuɗi aka ɗora miki, kuma wallahi ba sa mantawa. "Free of charge" kyauta ke nan. Cajin waya kuwa, wuta ake loda wa batir, wannan kowa ya sani.

Inda nake so a natsu shi ne maganar kotu. "He was charged with theft" ba ya nufin an same shi da laifi. Tuhumarsa ake yi, ba a yanke hukunci ba tukuna. In an same shi da laifi, "convicted" ake cewa. Sau nawa ake yaɗa labari an ce wane ɓarawo ne, alhali gurfanar da shi kawai aka yi? Caji ofis ɗin nan da muke faɗa, ai "charge office" ne, wurin da 'yan sanda ke rubuta tuhuma.

Sai kuma wani ɗan tarko. "Ladi is in charge of the children", Ladi ce ke kula da yaran. Amma "the children are in the charge of Ladi", yaran ne a hannunta. Kin ga "the" ɗaya ta juya abin: a "in charge of" wanda aka fara ambata ne mai kulawa, a "in the charge of" kuwa shi ake kula da shi.

Akwai ta kai farmaki, kamar bijimi ya taso wa mutum a guje, "the bull charged".

Yauwa, kafin in manta. Mu mukan ce 'yan sanda sun caje motata. Kada ki kuskura ki ce "they charged my car", Bature zai ɗauka motarki mai lantarki ce. "Searched" za ki ce.