Zama na dindindin a Jidda: daga ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a Jidda, kana son ɗauko iyali ku zauna gaba ɗaya, kana tambayar yadda za ku saba.

Fara da takarda. Zamanka duka a kan iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, yake rataye, kuma mai ɗaukarka aiki ne zai fitar maka da ita cikin kwana 90 da shigowarka. Da ta fito, ka buɗe asusu a Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. Kada ka bari iƙamar ta mutu: tara za ta hau, banki ya rufe asusunka. Kuma kowane mutum da ke ƙarƙashinka, mata ko ɗa, riyal 400 za ka biya wa gwamnati a kansa duk wata, ka yi lissafi tun kafin ka sayi tikiti.

Zafin Jidda ba irin na Kano ba ne. Damshin teku gare shi, gumi ba ya bushewa, riga ta manne a baya tun da hantsi. Ku riƙa shan ruwa kafin ƙishi ya zo, ku sa auduga, a wanke matatar AC duk mako biyu saboda ƙura. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku.

Hutun mako Juma'a da Asabar ne, yara su saba da makaranta ranar Lahadi.