Sifana ta haɗa kawunan batir, mota ta ƙi tashi

Tambaya: Malam, ina ɗaure batirin Corolla ta 2008 sai sifana ta taɓa kawunan biyu, tartsatsi ya tashi. Tun ranar tana kik amma ba ta kamawa. Makanike ya ce birenbos, wato ƙwaƙwalwar injin, ya ƙone. In saya? Daga direba a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. A fara da fiyus. A duba babban fiyus na kusa da batir, da mai rubutun EFI da ke kai wa ƙwaƙwalwar wuta, kuma da mitar gwajin wuta za a auna, ido kan yaudari mutum. Batirin ma a auna shi. Cikakke yana ba da wajen volt 12.6.

Sannan ka murɗa makulli ba tare da kik ba. In fitilar injin ta kama a dashbod, ƙwaƙwalwar na samun wuta. In ba ta kama ba, mai wayarin ya bi wutarta da wayar as, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota. Na sha ganin as ɗin ne kawai ya ƙone. Sai in wuta na shiga, amma babu volt 5 a sensoshi (ƙananan na'urorin da ke kai mata bayanin injin), na'urar bincike kuma ta kasa magana da ita, sannan zan zarge ta. In ka sayi wata, mai yiwuwa sai an daidaita ta da makullinka.