Tambaya da Amsa: Gansakukar tekun ƙanƙara da hazon Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a unguwar Zango, Damagaram. Ɗalibaina sun ji a rediyo cewa wasu ƙananan tsirrai na tekun ƙanƙara suna rage ɗumamar yanayi. Wane irin tsiro ne wannan, kuma ina yake kai iskar kabon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bayan damina ka kai su bakin tabki su ɗebi ruwan da ya yi kore a kwalba. Koren nan dangin gansakuka ne, kuma irinsa na teku shi ake kira fitoplankton. Ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, amma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa.

A tekun da ke kewaye da Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, duhu kan shafe watanni. Da rana ta dawo, ƙanƙara ta fara narkewa, sai su yaɗu cikin 'yan makonni, su zuƙe iskar kabon daga ruwa su gina jikinsu. Kiril, wani ɗan jatan lande mai tsawon santimita 6, yana cin su, shi kuma manyan dabbobin teku da tsuntsayen fenguwin su ci shi.

Abin da muke so ɗalibai su riƙe shi ne: zuƙar kabon daban, binne shi daban. Mafi yawansa yana komawa ruwa da iska tun a sama, idan aka cinye ƙwayoyin ko suka ruɓe. Sai wanda ya nutse ya wuce zurfin mita 1,000 ne kan ɗauki ɗaruruwan shekaru bai dawo ba. A nan girma da nauyi ke aiki. Irin da ake kira dayatom yana da ɓawo na silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Idan suka mutu sai su dunƙule, dunƙulen ya riƙa nutsewa mita 100 ko fiye a rana. Kashin kiril ma haka yake gangarawa da sauri. Su kuwa 'yan mitsi-mitsin, waɗanda ba su wuce maikiromita 2 ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwaya ɗaya ba ta yin ko mita 1 a rana, don haka akan cinye ta kafin ta yi nisa. Wannan ne abin damuwa a tekun Atik na arewa: narkewar ƙanƙara na shimfiɗa ruwa maras gishiri a sama, ya hana taki tasowa daga ƙasa, kuma masu bincike sun ga ƙananan na ƙaruwa a yankin da ke arewa da Kanada.

A tekun Antatika na kudu kuwa taki na nan jingim, sinadarin ƙarfe da tsirran ke buƙata ne ya yi ƙaranci. Shi ya sa aka gwada zuba shi a teku. A gwajin EIFEX na 2004, dayatom suka yaɗu, aƙalla rabinsu suka nutse suka wuce zurfin mita 1,000. A LOHAFEX na 2009, wanda Indiya da Jamus suka yi, silika ta yi ƙaranci a wurin, sai ƙanana suka fito, ƙwarin ruwa suka cinye su, kabon kaɗan ne ya nutse. A ganinmu, wanda ya ce zuba ƙarfe kaɗai zai magance ɗumamar yanayi ya yi gaggawa.

Malam, dayatom ba baƙi ba ne a gare ku. Kwarin Bodele na Chadi tsohon gindin tafki ne, shimfiɗe da ɓawon dayatom da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce, kuma iskar hunturu na kwaso shi ta yo yamma da shi. Ƙurar Sahara na kai ƙarfe Tekun Atlantika, amma tekun Antatika ya yi mata nisa, sai ɗan abin da ke zuwa daga Patagoniya (kudancin nahiyar Amurka ta Kudu) da Ostireliya. Idan hazo ya sauka a Janairu, ka sa ɗalibai su shafo farar ƙurar da ke kan taga su duba ta a madubin ƙara girma na kimiyya (maikiroskop). Da sa'a, za su iya cin karo da gutsuren ɓawon.