Me ya sa waya ke karanta lambar QR ko da manja ya ɓata ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantin kayan masarufi a Agege, nan Legas. Tun bara na manna lambar QR ta karɓar kuɗi a jikin kanta. Manja ya zuba mata a gefe guda, yara kuma sun kankare wani wuri da farce, amma har gobe wayoyin masu saye na karanta ta. Tsorona kada wata rana waya ta karanta ba daidai ba, kuɗina ya faɗa asusun wani. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka. Da wuya ƙwarai manja ya mayar da lambarka ta wani. Idan ɓarnar ta yi yawa, abin da aka saba gani shi ne wayar ta ƙi karantawa gaba ɗaya. Tun da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro wannan lamba a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, inda maiƙo da ƙura ba sa yankewa, an san za ta sha datti, don haka aka yi mata guzuri.

Ka tuna yadda magini ke fitar da layin harsashi. Turaku biyu sun ishe shi ya ja igiya a miƙe. Amma ya san akwai awaki da yara, sai ya kafa shida a kan layi ɗaya. Da safe ya tarar an gusar da biyu. Bai damu ba, ya ɗora igiya, huɗu suka zauna daidai, nan take ya gane waɗanda suka kauce ya mayar da su. Da uku aka gusar, sai a iya samun gardama, uku nan uku can. Lura da kuɗin abin: kowane turken da aka gusar ba a san wanne ba ne, turaku biyu na ƙari yake ci. Wanda aka tuge ya bar rami kuwa ɗaya yake ci, domin an san inda ɓarnar take.

Wannan ita ce dabarar da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a Amurka a 1960, sai dai su layinsu mai lanƙwasa ne, turakunsu kuma lambobi. Waɗannan ɗigo-ɗigo baƙi da fari ana haɗa su takwas-takwas, kowane takwas bayit ɗaya. QR mafi ƙanƙanta, mai ɗigo 21 a tsaye 21 a kwance, bayit 26 take ɗauka. A matakin kariya mafi ƙarfi, 9 ne kawai saƙo, 17 duk masu gadi ne, wato turakun ƙari, kuma suna iya gyara bayit 8 da suka lalace. Matakan kariyar huɗu ne, gwargwadon ɓarnar da za a iya gyarawa: kusan kashi 7, 15, 25 da 30 cikin ɗari. Shi ya sa wasu kamfanoni ke dasa tambarinsu a tsakiyar lamba, wato da gangan suke ɓata ta, masu gadin su cike gurbin.

Inda ni abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin lissafin da ake yi a ciki. Bayit ɗaya fuska 256 gare shi, daga 0 zuwa 255. Don a ja igiyar nan dole a tara, a ɗebe, a ninka, a raba, kuma amsa ba za ta fita daga cikin 256 ɗin ba, ba rabi ba kwata. Gwada da agogo: ƙarfe 10 ka ƙara awa 5, ka dawo ƙarfe 3. Tarawa ta yi. Amma 3 sau 4 ya ba ka 12, hannun agogo ya koma mafari, wato sifili. Abubuwa biyu da ba sifili ba sun haifi sifili, rabawa ta mutu ke nan. Kwanakin mako ba su da wannan ciwo, saboda 7 ba ta rabuwa da kowa sai kanta da 1. To ita 256 irin ciwon agogo gare ta, 16 sau 16 ya mayar da kai sifili.

Maganin ya fito daga wani saurayi Bafaranshe, Évariste Galois, wanda aka harbe a Paris a 1832 yana ɗan shekara 20. A 1830 ya nuna yadda ake gina tsarin lissafi mai cikakkiyar rabawa idan yawan lambobin ya fito daga ninka lamba irin 2, 3 ko 7 da kanta, wato lambar da ba ta rabuwa da kowa sai kanta da 1. 256 kuwa 2 ce sau takwas ana ninkawa. Sai a sake dokar ninkawa, a ɗauki kowane bayit kamar ƙaramar jimlar aljebra. Bai san waya ba, bai san lantarki a gida ba, ga shi lissafinsa na tsaron cinikinka a Agege. Duk ɗalibin da ya ce mini aljebra ba ta da amfani, nan nake fara kai shi.

Wani masanin lissafi Ba'amurke, Claude Shannon, ne ya tabbatar a 1948 cewa kowace hanyar aika saƙo tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma muddin ba a haura iyakar ba, ana iya rage kuskure yadda ake so. Bai faɗi yadda za a gina dabarun gyara kuskuren ba, wannan ya zama aikin na baya. Dabarar Reed da Solomon ce ke sa faifan CD mai zane ya ci gaba da kiɗa, da ita kuma kumbon Voyager 2 ya aiko hotunan duniyar Yuranus a 1986 da na Naftun a 1989. Har yau akwai sauran aiki: masana na hasashen cewa ba a iya samun wata dabara mai tsimin masu gadi irin wannan da ta fi ta Reed da Solomon tsawo sosai. Wani masani, Simeon Ball, ya tabbatar da haka a 2012 ga tsare-tsaren lissafi irin na 7, amma ga irin na 256 ba a kammala hujja ba.

Mu dawo kanti. Manyan murabba'ai uku da ke kusurwoyi su ne idon lambar, da su waya ke gane sama da ƙasa, masu gadin nan ba sa kare su. Idan manja ya kai can, ko farin da ke kewaye ya dushe, tana iya daina aiki. Taka ta riga ta ci wani ɓangare na guzurinta, ka sake buga sabuwa a rufe ta da leda.

Abin tsoron na gaskiya shi ne wani ya liƙa tasa lambar a kan taka lokacin da kasuwa ta cika. Waya za ta karanta ta lafiya lau, don lissafin ba ya sanin mai kanti. Kowace safiya ka shafa hannu ka ji ko takarda ta zama biyu, kuma kafin mai saye ya danna aikawa, ka ce ya karanta maka sunan da ya fito.