Amsa kan launin ƴaƴan bilakberi

Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ka ce bilakberin (blackberry, ɗan itace mai ƙananan ƙwayoyi a cure) da ka dasa a garkarka ta bakin Gulbin Maradi ta yi ja amma tsami ya hana a sha, wasu ƙwayoyin kuma sun yi fari.

Jan nan ba nuna ba ne, kada ya ruɗe ka. Tana farawa kore, ta koma ja, sannan ta yi baƙi wuluk kamar ɗinya. Sinadarin da ke rina ta, antosiyanin, irinsa ne ke ba zoɓo launinsa, yana taruwa ne tana nuna. Baƙin ma iri biyu ne: mai sheƙi yana da sauran tsami, wanda sheƙinsa ya dusashe, ya ciru da ɗan taɓawa, shi ne mai zaƙi. Kuma ba kamar mangwaro take ba, in ka tsinke ta ba ta ƙara nuna a ɗaki.

Farin kuwa galibi ƙunar rana ce. Duba da kyau, za ka ga gefen da rana ke duka ne ya koɗe. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ya fi ƙarfinta, don asalinta tsiron ƙasashen sanyi ce. Yi mata rumfar zana ta ɓangaren yamma, ka riƙa ban ruwa a kai a kai, kada ka sassabe ganyen da ke rufe ƴaƴan.

Tsinka da sassafe kafin rana ta ɗaga, kada ka danne su a ƙwarya. Wadda aka cira cikin zafin rana ko ta murje takan koma ja-ja bayan an ajiye.