Hukuncin gyaran silin da ruwa ya ɓata kafin sayar da gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gida a Kaduna da nake so in sayar kafin damina ta faɗi. Silin ɗin kicin ya yi tabon ruwa, wani gefe ya kumbura har ya ɗan sauko. Mai fenti ya ce kwana ɗaya ya ishe shi ya shafe wurin, babu wanda zai gane. Hannuna babu kuɗi sosai. Ya halatta in yi gyara mai araha? Kuma dole ne in gaya wa mai saye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata.

Gyara mai araha halal ne. Shari'a ba ta ɗora maka sabunta kicin don za ka sayar ba, kuma ƙawata haja da fenti ba laifi ba ne. Abin da hukuncin ya rataya a kansa shi ne: aikin da za a yi zai kawar da aibin ne, ko kuwa ɓoye shi zai yi? Abin da mai fentin nan ya ba ka shawara ɓoyewa ne, domin tabon alama ce kawai, ciwon yana sama a rufi. Wannan shi ne algus, malaman fiƙihu suna ce masa tadlisi, kuma haramun ne.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambaya, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya dake shi. Sai Annabi (SAW) ya ce me ya sa bai sanya jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura, wancan mutum bai yi ƙarya da baki ba, busasshe kawai ya ɗora a kan jiƙaƙƙe. Fenti a kan silin da ke yoyo daidai yake da haka. Ibnu Majah kuma ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (RA) cewa bai halatta ga Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abin da ke da aibi ba face ya bayyana masa. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ba da ma'auni mai sauƙi: kada mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambata shi mai saye zai ƙi ta, ko kuma ya rage kuɗinta.

Lamarinka ya ƙara nauyi saboda lokacin da ka zaɓa. Wanda ya duba gida da rani ba shi da hanyar gane yoyo. Sai Agusta ta yi, ruwa ya zauna, sannan tabon ya dawo.

To, ga gyaran da zai fitar da kai, kuma ba lallai ya fi ƙarfinka ba. A fara da kashe wuta daga mita ko babban makunni, domin wayoyin fitila da fanka suna bi ta cikin silin, kuma jiƙaƙƙiyar waya tana kisa. Kafinta ya shiga cikin rufi da tocila da rana tsaka. Huda a kwano tana nuna kanta da ɗigon haske. Kada ya tsaya kan tabon kawai, ruwa yakan bi katako ya yi tafiyar taku da yawa kafin ya ɗiga. Wuraren da aka fi samun matsala su ne ramukan ƙusa da suka buɗe, mahaɗar kwano biyu da ba a ɗora su sosai ba, kwarin da rufi biyu suka haɗu, gindin katangar da ta zarce rufi, da indararon da ganye da ƙasa suka toshe. A duba bututun tanki ma in ya ratsa ta nan. In tabon yana jiƙe da rani, ba ruwan sama ba ne, bututu ne.

Ƙaramar huda ana goge tsatsarta a manna tef mai kwalta, ƙusar da ta saki a sauya ta da mai roba a wuya. Kwanon da tsatsa ta cinye sai dai a cire fallen a sa wani. Bayan nan a hau da tiyo a zuba ruwa, ana farawa daga ƙasan rufin ana hawa sama, kowane wuri kamar minti goma, wani yana ciki yana kallo. A soka sukudireba a katakan da suka jiƙa. Wanda ta nutse a cikinsa ya ruɓe ko gara ta ci shi, sai a haɗa masa sabo a gefe ko a sauya shi.

Sai an gama wannan ake taɓa silin. A bar shi ya bushe na wasu kwanaki. In na POP ne, a yanke wurin da ya yi laushi har a kai inda yake da ƙarfi, a cike da sabon POP da zarensa, a goge da samfefa. In na allo ne ko na PVC, allon da ya kumbura kawai za a cire. Tsofaffin allunan asbestos kuwa kada a goge su ko a farfasa su a bushe, ƙurarsu tana lalata huhu, a jiƙa su a cire su ɗungurungum. Baƙin fumfuna a wanke shi da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, taga a buɗe. A wanke maiƙo da hayaƙin girki da omo, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Sannan a shafa fenti mai mai a kan tabon tukuna, ya bushe, kafin a bi da fentin ruwa shafi biyu. Wanda ya fara da fentin ruwa zai ga rawayar ta sake ɓullowa, domin ruwan fentin ne ke narkar da ita ya jawo ta waje.

In kuwa dakin ne a sama, wato rufin kankare, musamman da banɗaki a kan kicin, kuma filasta tana ɓamɓarewa har ana ganin rodi mai tsatsa, wannan ya wuce mai fenti. A kira injiniya, domin magana ta koma ta rai.

Saura bayani ga mai saye. Malamanmu na Malikiyya sun ce aibin da ya gushe kafin ciniki ba a mayar da haja saboda shi, sai fa wanda ake tsammanin dawowarsa. Yoyon da aka gyara da rani, damina ba ta gwada shi ba, yana cikin wanda zai iya dawowa. Don haka abin da nake gani shi ne wajibi ne ka faɗa: nan ya yi yoyo, ga dalili, ga abin da aka yi. In da an gyara tun shekarun baya, damina ta wuce a kansa ba ɗigo, da sai mu ce faɗar ta fi kyau amma ba dole ba.

Kuma maganar nan ta 'yan kasuwa, "ka duba da kyau, yadda ka gan shi haka na sayar", ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. Shehu Halil a Muhtasar ya shar'anta a siffanta aibin ko a nuna shi, kada a dunƙule magana. Ka kai shi kicin ka nuna masa da hannu, a rubuta a takardar ciniki gaban shaidu. Dillalin da ya sani ya rufe, shi ma yana da kasonsa na zunubi, kuma la'adarsa ba ta tsarkaka ba.

In an ɓoye, mai saye ya gano daga baya, yana da haƙƙi. A mazhabar Malik aibin gida hawa uku ne: ɗan kaɗan da ba ya rage daraja, babu komai a kansa, matsakaici, a mayar masa da gwargwadon abin da ya ragu na kuɗin, babba kuwa, wanda wasu suka iyakance da sulusin darajar gidan, yana da zaɓin mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Yoyon kicin galibi matsakaici ne, sai in katakan rufi sun ruɓe ko dakin ya taɓu. Masana gini ne za su ƙiyasta, alƙali ya yanke.

In ko kuɗin kafinta ba ka da shi, akwai hanya mafi araha duka: ka bar silin ɗin yadda yake, ka nuna wa mai saye, ku kira kafinta ya faɗi kuɗin gyara, a cire daga farashi. Ciniki ya inganta, babu abin da zai biyo ka.

Wallahu a'alamu.