Tambaya da Amsa: In Shirya Umarar Mahaifiyata da Kaina, ko Mu Bi Kamfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai mahaifiyata Umara a watan azumi mai zuwa in Allah ya yarda, kuma daga ni har ita babu wanda ya taɓa zuwa ƙasa mai tsarki. Ta haura shekara 70, tana kuma fama da ciwon gwiwa. Wani abokina ya ce kamfanonin jirgin yawo cin kuɗi kawai suke yi, gara in shirya komai da kaina ta waya, har ma ya ce idan muka daure muka zauna a can za mu iya sauke farali gaba ɗaya. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka wannan buri, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Maganar zama har lokacin aikin Hajji, ka cire ta daga ranka tun yanzu. Bizar Umara ba ta ba mutum izinin yin Hajji, kuma Saudiyya kan sanya ranar da dole masu Umara su fice. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida ce, tare da tarar da ta kai riyal 20,000 da haramcin shiga ƙasar na shekara 10 ga wanda aka kama yana neman yin Hajji ba da izini ba. Tarar ma ita ce mai sauƙi. A Hajjin 2024 mutum 1,301 ne suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, wato ba su da tanti a Mina da Arfa, ba su da motar da za ta ɗauke su. Daga Najeriya hanyar Hajji biyu ce kawai: kujerar hukumar jin daɗin alhazai ta jiharka, ko ta kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi.

A kan Umara kuwa, abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mutum mai ƙarfi a jika wanda ya san gari yana iya sayen tikitinsa, ya zaɓi otal ɗin da ya yi masa, ya nemi izinin shiga Rauda a masallacin Annabi ta manhajar Nusuk ta gwamnatin Saudiyya, ya hau jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke haɗa Makka da Madina cikin kimanin awa biyu da rabi. Babu mai tashinsa da asuba don zuwa ziyara, babu zaman jiran wanda ya maƙale a kasuwa wajen sayen tsaraba. Sai dai ka sani cewa galibin masu fasfon Najeriya ta hannun wakili mai lasisi suke samun bizar Umara, kuma tun 2025 sai an tabbatar da kama masauki kafin a bayar da ita, don haka ko ka ce da kanka za ka tafi, da wuya ka rabu da kamfani kwata-kwata.

Duk da haka, a halin da kake ciki shawarata ita ce ku bi ayari, domin da ɗan gari akan ci gari. Makka a cikin azumi, musamman goman ƙarshe, ba wurin koyon hanya ba ce. Akan tare hanyoyin shiga Harami tun kafin lokacin salla idan ya cika, kuɗin otal yakan ninka, kuma bayan tarawihi mutum na iya daɗewa a tsaye bai samu mota ba. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kusa kilomita 3, ban da ɗawafi, wanda ga mai keken guragu yakan koma hawan sama inda zagayen ya fi faɗi. Idan jikin Hajiya ya motsa da tsakar dare, ko kuka rabu a cikin turmutsutsu, ko aka ɗage tashin jirgi alhali kwanakin otal sun ƙare, kana bukatar wanda za ka kira ya amsa da Hausa kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sannan akwai abin da maza kan manta: a masallacin Madina ɓangaren mata daban yake, haka ma lokacin shigarsu Rauda, kai kuwa ba za ka bi ta can ba. Matan da ke cikin ayari su ne za su riƙe mata hannu.

Amma ba kowane kamfani ne zai yi maka wannan ba, kuma a nan ne ƙorafin abokinka ya samo asali. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin waɗanda NAHCON ta amince da su. Kada ka yarda da kalmar "kusa da Harami", domin mai otal a unguwar Aziziyya ma haka zai ce, alhali sai an shiga mota. Ka nemi sunan otal ɗin a rubuce, ka duba taswira ka ga ko a unguwar Ajyad yake ko a Misfala, mita nawa ne zuwa harabar masallaci, kuma ko akwai hawan tudu, wanda ga mai ciwon gwiwa ya fi nisa wahala. Ka tambayi mutum nawa ne a ɗaki, ko akwai sahur da buɗa-baki a cikin kuɗin, ko akwai malamin da zai yi muku bita ya kuma tunatar da ku ɗaura harami kafin a wuce miƙati, da kuma wanda zai biya masu tura keke.

Idan ba dole sai goman ƙarshe ba, ku tafi a farkon watan, lokacin da cunkoso da farashi suka fi dama-dama, kuma ka kai Hajiya wurin likita da wuri domin allurar sanƙarau da ta cutar shawara, ya kuma rubuta mata magungunanta a takarda da za ta riƙe tare da fasfonta.